Naman Barewar Baba Virgil

Ranar Litinin da safe aka tarar da firizar ɗakin gwaje-gwaje na garin Tolliver wayam. Kwalaben jini da na ruwan rijiya da ke ciki duk sun yi ɓatan dabo. Ba a fasa ƙofa ba, ba a taɓa taga ba.

Kwalaben nan su ne ƙashin bayan ƙarar da Antoni-Janar ta jiharmu ta shigar a kan masana'antar fenti da ke bakin rafi, bisa zargin ta gurɓata rijiyoyin gari. Sai ga shi ta sha kaye a zaɓen Nuwamba. Wanda ya kayar da ita ɗan ɗaya jam'iyyar ne, kuma ya sha faɗa a wurin kamfe cewa ƙarar siyasa ce kawai. Saura mako guda a rantsar da shi. A jihar nan kuwa, in kujerar ta sauya hannu, ita kanta gaskiya sai ta nemi sabon ubangida.

Sajan Loretta Hensley aka ba binciken. Ta duba firizar, ta ga tana aiki, an mayar da murfin a hankali. Akwatunan ƙanƙara biyu da ake ajiyewa a gefe su ma babu su.

Ta fara da Curtis Dunlap, manajan masana'antar.

"Yallaɓai, ina ka yi Asabar da Lahadi?"

"Babban birni, wurin walimar sabon Antoni-Janar. Ga hotuna in kina so." Ya yi murmushi. "Sajan, mu da muka ci zaɓe me zai kai mu sata? Mako guda kawai za mu jira."

Maganar ta yi mata ɗaci, amma ba ƙarya ya yi ba. Kuma mai son lalata kwalaben ba sai ya yi dakonsu ba, wayar wuta kawai zai zare.

Daga nan ta nufi wurin Renata Boyle, lauyar gwamnati mai riƙe da ƙarar. Ta same ta tana loda kayanta a kwali, don aikinta zai tafi tare da uwargijiyarta.

"Barista, kina da makullin ɗakin?"

"Ina da shi."

"Ba ki ji tsoron sabon ya sa a zubar da su ba?"

"Kullum da tsoron nake kwana. Amma ko hauka nake ba zan taɓa su ba. Dole a nuna wa alƙali kowane hannun da kwalba ta bi, tun daga rijiya har kotu. In ta kwana inda ba a sani ba, ta zama ruwan banza."

"Dama ai janye ƙarar zai yi, ko?"

"So yake, amma yana tsoro. 'Yan jam'iyyarsa ma daga rijiyoyin nan suke sha. Dalili yake nema." Ta share ido da bayan hannu. "Wanda ya yi wannan ya kai masa shi har gida."

Loretta ta cire ta daga zargi. Ɓarawon yana son kwalaben, amma bai san shari'a ba.

Da azahar ta biya gidan mahaifiyarta, ta tarar da farfesun barewa a kan wuta.

"Mama, wa ya yi miki farauta?"

"Virgil Stamper, 'yar nan. Jiya bayan coci ya bi layin nan gida gida yana rabo. Virgil fa, da ko karensa bai san ɗanɗanon ƙashi ba. Na ce ko mutuwa ce ta matso."

Loretta ta ajiye cokali. Kowa a Tolliver ya san Virgil. Duk kaka sai ya harbo barewa ya cika firizarsa, ya yi ta ja har bazara. Matarsa Opal ta yi shekaru tana share ɗakin gwaje-gwajen, kafin ciwon ƙoda ya ɗauke ta bara. Jininta yana cikin kwalaben. Ba wanda ya tuna ya karɓi makullinta, wa zai tambayi mai makoki makulli?

Ta same shi a garejinsa, zaune a kan kujera kusa da firiza kamar mai jinya.

"Baba Virgil, mun ga nama. Allah ya saka."

"Ku ci lafiya."

"Me ya sa ka rabar?"

"Tsufa. Haƙora sun ƙi."

"Baba, a hannunka na girma, kada mu wahalar da juna. Wanda ya ɗauki kwalaben bai fasa ƙofa ba, ashe yana da makulli. Ya haɗa da ƙanƙara, ashe ba ya so su narke. Kuma yana bukatar babbar firiza da babu komai a cikinta. A garin nan, a tsakiyar sanyi, mutum ɗaya ne ya kwashe tasa."

 Virgil ya tashi ya ɗaga murfin firizar. Ga su nan jere, kowace a naɗe cikin tawul ɗin kicin na Opal.

"Na ji sabon Antoni-Janar ɗin nan a rediyo yana cewa siyasa ce," in ji Virgil. "Matata ba ta taɓa sanin launin jam'iyya ba, ruwa kawai ta sha. Na ce in ya hau zai sa a zuba jininta a kwata. To, ni zan riƙe su shekara huɗu, har namu su dawo."

 Loretta ta sha kama ɓarayi, amma ba ta taɓa jin tausayi irin na ranar ba. Ba yadda za ta yi, sai ta gaya masa abin da lauyar ta ce, a hankali, har sau biyu.

Ya taɓa kwalba ɗaya da yatsa. "Amma duba, 'yata, da sanyinsu. Ko sau ɗaya ban bari sun narke ba."

"Na sani, Baba."

Kwana kaɗan bayan rantsuwa, sabon Antoni-Janar ya fito a talabijin da fuskar jimami, ya ce ba don son ransa ba ya janye ƙarar, hujjojin ne suka lalace. Ba a tuhumi Virgil da komai ba, don ba wanda ya fi shi yi wa sabon Antoni-Janar hidima.

Loretta dai ba ta manta da abin da ya ce mata ba sa'ad da take loda akwatunan a mota. Ya riƙe mata ƙofa, ya nuna wata ƙaramar kwalba.

"Wannan ta Opal ce. Ki sa ta a sama, kada a danne ta."