Kwarin da Zinatu Ta Leƙa

Bayan isha aka ɗauke wuta. Muka matso kan tabarmar Yaya Barira, 'yar kawunmu da ta zo mana hutu daga Jalingo. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta rage murya.

"Wannan ba tatsuniya ba ce. Labarin wata maƙwabciyarmu ne, katanga ɗaya ta raba mu. Mai jin tsoro ya tashi tun yanzu."

Ba wanda ya motsa. Sai ta fara.

Sunanta Zinatu. Mijinta Malam Lawandi, malamin makaranta ne. 'Ya'yansu biyu. Tun tana amarya take roƙonsa ya kai ta gandun dajin nan na kan tsaunuka, can hanyar Mambila, inda mutane ke zuwa yawon buɗe ido. Kullum sai ya ce sai an yi hutu. Ƙarshen wata damina dai ya ari motar yayansa, suka bar yara wajen kaka, suka kama hanya.

Hanyar nan nannaɗe dutse take yi kamar rawani. Dama dutse, hagu rami. Har suka kai inda gajimare ya koma ƙasansu. Kowace kwana sai Zinatu ta ce, "Malam, tsaya, tsaya!" Ta fita ta ɗauki hoto, ta dawo tana dariya. Ya ce bai taɓa ganinta cikin farin ciki irin na ranar ba.

A ƙofar gandun aka haɗa su da wasu baƙi, ma'aikaci ɗaya ya shige gaba, suka hau da ƙafa. Suka ga ruwa yana zubowa daga kan dutse, suka ga birai. Bayan la'asar aka juyo.

A wajen saukowa ne Zinatu ta tsaya.

"Ka je, Malam, ina bayanka. Hoto ɗaya ya rage."

Ya sha kwana. Ita kaɗai ta rage a hanyar.

Gajimare ya sauko. Ba iska. Tsuntsaye suka yi tsit gaba ɗaya, kamar an rufe musu baki. Da ta sauke wayarta sai ga tsohuwa a gabanta, da baƙin zane, da ƙwarya a ka.

"Sannu, Inna."

"Yauwa, 'yar nan."

Tsohuwar a gabanta take. Amma muryar daga bayanta ta fito, daidai ƙeyarta. Kuma bakin bai motsa ba.

Zinatu ta sunkuyar da kai. Ko'ina a jiƙe yake, takalmanta sun yi sharkaf. Zanen tsohuwar a bushe. Ciyawar da ta taka kuma a miƙe take, ko ɗaya ba ta kwanta ba.

"Wannan da kike ɗauka ai zaure ne kawai," in ji muryar. "Ba ki ga cikin gidan ba. Kina so ki gani?"

Zinatu ta ce ta nemi addu'a a bakinta ta rasa. Abin da ya fito shi ne, "Ina so."

Tsohuwar ta sa hannu ta yaye gajimaren kamar labule.

Daidai nan Malam Lawandi ya dawo nemanta. Ya hangi matarsa a bakin rami, ta miƙa wuya tana leƙe. Ya hangi bayan wata tsohuwa. Ya ɗaga murya da Ayatul Kursiyyu, ya ruga ya fizgo Zinatu suka faɗi tare. Da ya ɗago, ba kowa.

Ya ce alhamdu lillahi. Ya zaci sun tsira.

A mota ta fara. "Malam, ka ga rafin nan? Ka ga fararen shanun? Dubi furanni har gindin dutse."

Shi kwalta kawai yake gani.

Da suka iso gida yara suka rugo suka rungume ta. Ta shafa kan babbar, ta ce, "Wace ce wannan?" Idonta a buɗe, garau, amma ba a kan yarinyar yake ba. Tana ji, tana magana, ta san muryar kowa. Gani ne dai ba ta yi sai na kwarin nan. Ko ta rufe ido, shi take gani.

Aka je asibiti, likita ya ce idonta lafiya lau. Aka yi ruƙiyya, aka sha rubutu, aka yi hayaƙi. Malamai suka zo suka tafi. Ita kuwa tana zaune tana murmushi, ta fuskanci bango.

Da abin ya ishe shi, Malam ya koma tsaunin shi kaɗai. Ya zauna a wurin har gajimare ya sauko. Bai ɗaga kai ba. Ƙafafun tsohuwar kawai ya gani a kan ciyawa.

"Inna, ki dubi Allah. Yara gare ta."

"Me na ɗauka nata?" in ji muryar a ƙeyarsa. "Tambayarta na yi. Ta ce tana so."

"To ki karɓi abinki."

"Ta riga ta gani, ɗan nan. Ta ina zan cire?"

Ya fashe da kuka. Aka bar shi ya yi mai isarsa.

"Abu ɗaya zan iya yi maka. Ka leƙa kai ma. Za ka same ta a can, ba za ta zauna ita kaɗai ba."

Sai ya ji an yaye labulen. Ƙanshin ciyawa ya buge shi. Ya ji ƙarar ruwa. Can ƙasa kuma ya ji dariyar Zinatu, tana kiransa.

Ya ce ya daɗe a tsaye. Wuyansa da kansa yake son ɗagowa. Sai ya tuna in ya leƙa, wa zai kalli fuskar yaran nan? Ya jawo hularsa ya rufe ido, ya sauko da rarrafe, gwiwoyinsa duk jini.

Yaya Barira ta gyara zama.

"Kafin in taho na shiga gaida Zinatu," ta ci gaba. "Ta rame. Ƙafafunta sanyi ƙalau, ga garinmu da zafi. Yanzu sai an ɗaga murya take ji. Ta riƙe hannuna ta ce, 'Barira, da daga sama nake hange. Yanzu na sauko. Na kusa rafin. Akwai mutane a tsallake, suna yafito ni.' Malam yana zaune a gefe. Ya ɗaure hannunta da nasa da ɗankwali. Haka yake yi duk lokacin da yake gida."

Ƙanwata Mansura ta ce a hankali, "Yaya, in ta tsallaka fa?"

"Malam ma bai tambaya ba."

Yaya Barira ta jawo mayafinta ta rufe ƙafafu.

"Wata rana za ku girma, za ku je irin wuraren nan, don da kyau kam akwai kyau. Kada ɗayanku ya bari ayari ya sha kwana ya bar shi. Ko takalminka ne ya cire, bar shi a nan, ka bi mutane. Kun ji ni?"

Muka ce mun ji. Amma ba wanda ya yarda ya fara tashi.