Dubi Hannuna Kawai

A tsugune ta fara ganinsa, yana sace iskar tayar jif ɗin yayanta da tsinken ƙarfe.

"Malam, lafiya? Motar ta yi maka laifi ne?"

Ya ɗago kai. Doguwar yarinya ce, ta rungumo tukunya, ƙafarta da silifas.

"Taya mai tauri ba ta kama dutse, sai an rage mata iska," ya ce. "Ke ce Autar da ake ba mu labari? Da silifas kika zo hawan dutse?"

"Ni girki aka ce in zo in taya matan abokansa. Ba wanda ya ce min akwai masu ɓarna a cikinku."

Ya yi dariya, ita ma ta yi. Daga nan abin ya fara.

Abokai ne masu tsofaffin jif-jif. In ƙarshen mako ya zo sai su loda tanti da jarkokin ruwa da igiyar ja, su bar kwalta, su shiga inda ba hanya. Ba abin da suke samu sai fasasshen fitila da ciwon baya, amma ba sa fasawa. Yayan Auta shi ake kira Totur, don ƙafarsa ba ta san birki ba. Wannan na tsugunen kuwa Jagora ake ce masa. Gyaran firji yake yi, ko keke ba shi da shi, amma in an zo mugun wuri shi ke sauka ya tsaya a gaba.

Dokarsu ɗaya ce. Direba ba ya ganin abin da ke ƙarƙashin hancin motarsa, don haka hannun mai nuna masa hanya kaɗai zai duba. Sauran mutane kowa ya kama bakinsa. In aka dunƙule hannu, a tsaya cak.

Da yammacin Asabar, bayan an kafa tantuna a bakin rafi, Jagora ya roƙi Totur mukulli ya zaunar da Auta a gaban sitiyari.

"Ina jin tsoro," ta ce.

"Kada ki dubi dutsen. Dubi hannuna kawai."

"In ka jefa ni rami fa?"

"Ni ne a gaba, Auta. Ni za ki fara takawa."

Ta haye 'yan duwatsun nan a hankali kamar mai tafiya da ƙwai a ka. Da ta sauko, ya miƙa mata shayi a murfin fulas. Matan abokai suka fara ƙus-ƙus. Wani dillalin motoci da ake kira Ɗan Kwalisa, mai sabuwar jif da ba ta taɓa ƙujewa ba, ya zo ya ce ai shi ma yana iya koya mata. Ta ce ta riga ta samu malami.

Washegari suka zo gangaren da suke kira Tsani. Auta tana can zango tana naɗe kaya, ba ta ga komai ba. Totur ya fara sauka. Yana tsakiya wani dutse ya motsa a ƙarƙashin tayar hagu, Jagora ya gani, ya dunƙule hannu. Sai Ɗan Kwalisa, da ya rarrafo gefe yana ɗaukar hoto, ya ƙwala ihu: "Taka, Totur! Taka ta wuce!"

Totur ya waiwaya. Ya taka.

Motar ta kifa, ta mirgina har ƙasa. A asibiti aka yanke masa ƙafar hagu daga gwiwa.

Baba, mahaifinsu, tsohon direban babbar mota ne, ba ya doguwar magana. A barandar asibitin ya yi tambaya ɗaya: "Wa ya ba shi hannu?"

"Jagora ne," in ji Ɗan Kwalisa.

Sauran abokan suna saman gangaren lokacin, ba su gani sosai ba, kuma Ɗan Kwalisa ne ya ɗauko Totur a motarsa, jini ya ɓata masa kujera. Suka sunkuyar da kai. Totur kuwa ya juya fuska ga bango.

Watanni suka wuce. Waya ce kawai ta rage tsakanin Auta da Jagora.

"Autata, yaya jikin Yaya? Yau na gyara firjin wata tsohuwa, ta ce matata ta yi dace. Ban ce mata komai ba."

"Jagorana, jiki da sauƙi, amma ba ya magana da kowa. Ka ci abinci kuwa? Kada ka yi min ƙarya."

Jagora ya tura kawunsa wajen Baba neman izinin auren Auta. Baba ko tabarma bai sa an shimfiɗa masa ba.

"Hannun da ya kifar min da ɗa shi zan miƙa wa 'ya? Ka gaida gida."

Umma ta gwada sa baki, Baba ya ce maganar ta mutu. Ɗan Kwalisa kuwa kullum yana gidan da ledar lemo, yana kai Totur wajen gashin ƙafa, yana durƙusawa har ƙasa in zai gaida Baba. Wata rana Jagora ya hango Auta tana fitowa daga motarsa a ƙofar asibiti. Ya daina amsa saƙo.

Ta same shi a shago, tsakanin matattun firji da tukwanen gas, yana goge abin da ba ya bukatar guga.

"Fushi kake da ni?"

"Na ga kin samu mota mai sanyi."

"Sandunan Yaya na riƙe masa, wawa kawai." Ta zauna a kan wani firji da aka kwantar. Idonta ya kawo ruwa. "Ka faɗa min gaskiya. Me ya faru a Tsani?"

Ya daɗe yana juya sukundireba a hannu.

"Na dunƙule hannu, Auta. Wani ya yi ihu daga gefe, ya waiwaya."

"To ka je ka faɗa wa Baba!"

"In je in ce wa dattijo ɗanka da ke kwance ba ƙafa shi ya jawo wa kansa? In ma na faɗa, wa zai yarda? Ki yi wa Baba biyayya. Ni dai ban yi sa'a ba."

"Shi ke nan? Haka za ka sake ni?"

"Ban sake ki ba. Ba ni da inda zan riƙe ne."

Da ta koma gida ta shiga ɗakin yayanta. Labule a sauke, ƙafar roba jingine da bango, bai taɓa yarda ya sa ta ba.

"Yaya, Baba ya ce Ɗan Kwalisa zai turo manyansa. Ba zan yi gardama ba. Abu ɗaya zan tambaye ka. Ranar nan, muryar wa ka ji?"

Ya wurgi ƙofa da kofi. "Fita min daga ɗaki!"

Ta fita. Ta tura saƙo: "Jagorana, na gwada. Ba abin da ya rage. Ka yafe min."

Ya amsa: "Ba ki yi min komai ba, Autata. Allah ya ba ki mai riƙe ki da kyau."

Ana saura kwanaki manyan Ɗan Kwalisa su zo, Totur ya ɗaura ƙafar roba ya fito tsakar gida. Ya ce wa Baba yana so ya koma Tsani, ya sauka da mota, in ba haka ba ba zai ƙara samun barci ba har ya mutu. Baba ya yi faɗa, Umma ta yi kuka. Da Baba ya ga ba zai tanƙwaru ba, ya ce to da shi za a je.

Wani aboki ya ba da aron jif mai canja giya da kanta. Auta ta bi su. Ɗan Kwalisa ya ce yana da ciniki, ba zai je ba. Tsohuwar motar Totur tana nan a ƙasan gangaren, ta yi tsatsa, ciyawa ta fito ta tagoginta. Jagora yana tsaye kusa da ita.

"Me wannan yake yi a nan?" in ji Baba.

"Ni na kira shi. Ba wanda zai ba ni hannu sai shi."

Jagora ya ce ba zai iya ba. Totur ya ce, "Ka tsaya a gaba, ko in sauka ba kowa." Dole ya tsaya.

Motar ta fara gangarowa, taku ɗaya, taku ɗaya. Auta ta cusa mayafi a baki. A daidai wurin nan tayar baya ta ɗaga sama, motar ta karkata. Jagora ya dunƙule hannu. Baba, da ke tsaye a gefe, bai san lokacin da ya ƙwala ihu ba.

"Yanke hagu! Hagu, don ubanka!"

Totur bai waiwaya ba. Gumi na zuba masa, idonsa a kan dunƙulallen hannun nan. Jagora ya jira motar ta daina lilo, ya nuna dama kaɗan, kaɗan, har tayar ta dawo ƙasa. Suka sauka.

Baba ya taka a hankali ya je ya leƙa hagun da ya ce a yanke. Rami ne, ciyawa ta rufe bakinsa. Daga inda ya tsaya ɗazu ba a ganinsa. Mutumin da ya yi shekaru yana ja da baya da babbar mota a kan hannun mutum ɗaya bai bukaci a yi masa bayani ba. Ya dawo ya dafa ƙofar motar.

"Ranar nan ma, wa ya yi maka ihu?" ya tambayi Totur.

"Mai kawo mana lemo."

"Ka waiwaya?"

"Na waiwaya, Baba."

Baba ya saki ƙofar motar. Bai ba kowa haƙuri ba, ba halinsa ba ne. Ya dubi Jagora ya ce, "Ka gaya wa kawunka ya dawo. Za a shimfiɗa masa tabarma."

Ba a yi wani taro ba. Ƙungiyar ta riga ta watse, wasu sun sayar da motocinsu. Totur bai ƙara zama a gaban sitiyari ba, kuma har yau akwai ranakun da ba ya ɗaga labule. Amma ranar ɗaurin auren shi ya zauna a sahun gaba, ƙafar roba a miƙe, yana cewa a matsa kada a taka masa sabuwar taya.

Da za a tafi da amarya Baba ya kama hannun Jagora na dama, ya juya shi yana dubawa, duk tabon ƙuna da baƙin mai. Ya ɗora na Auta a kai.

"Ga ta nan. Masu ihu daga gefe ba za su ƙare ba, har da ni. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuriya ta gari."

Aka ce amin. Umma tana share hawaye tana ƙara cewa amin.

A ɗan ɗakinsu na bayan shago, Auta ta tsaya a bakin ƙofa tana duban wayoyi da tukwanen gas da suka cika hanya.

"Jagorana, ta ina zan bi?"

Ya shiga gaba, ya juyo, ya ɗaga mata hannu.