Launin da Bango Ya Ara

Rana ta yi ja lokacin da Auta da yayanta suka isa gidan. Tsohon bene ne a ƙarshen layi, ya shekara da shekaru ba kowa, sai kwanan nan wani ya saye shi ya ba Yaya aikin fenti. Yaya ya gama aikinsa tas, Auta ta ɗauki hotuna aka aika wa mai gidan, wanda ke nesa. Shi kuwa ya bugo waya yana ta faɗa, wai kore ya ce a shafa masa, ga shi yana ganin bango kamar ruwan wanki.

"Wallahi koren da ya zaɓa na shafa," in ji Yaya yana kokawa da kwaɗon ƙofa. "Yanzu har cewa yake zai ba wani sauran gidajensa."

"Laifin ba naka ba ne, Yaya. Hotunan ne suka tafi tsirara."

"Tsirara kuma?"

"Ba bayanin launi a jikinsu. In hoto bai faɗa wa waya irin koren da yake nufi ba, sai ta yi masa fassarar da ta ga dama. Bari in sake ɗauka da hasken yamma, in liƙa musu bayanin, mu aika kafin ya huce a kanka."

"Ke dai da bokancinki na kwamfuta," ya ce yana dariya.

Suka hau sama, babban ɗakin da ya fi yawan kore. Warin sabon fenti da kananzir ya cika ko'ina. Ta kafa kyamara a kan sandarta mai ƙafa uku, ta jona wayar kyamarar a jikin kwamfuta, yadda duk hoton da ta ɗauka zai faɗa ciki kai tsaye. Ta ɗauki kowane bango, kowace kusurwa. Ana cikin haka aka kira Yaya, wai motar da ya tsayar ta tare wa wani hanya a bakin titi.

"Yanzu zan dawo. Kada ki jingina da bango, kin ji?"

Ta ji saukarsa, ta ji ƙarar ƙofar waje. Gidan ya yi tsit.

Ta kifa bokitin fenti ta zauna, ta ɗora kwamfutar a cinya. Ta buɗe baƙin allon nan da ake rubuta wa na'ura umarni, ta rubuta layi guda: duk hoton da ya shigo, a liƙa masa bayanin launi. Ta danna. Fararen layukan rubutu suka fara gangarowa, kowane fayil da sunansa.

Ta buɗe na farko. Ga kore shar, kamar ganye bayan ruwa. Ta yi murmushi. Na biyu ma haka.

A na uku ta tsaya.

Kusurwar da ke kusa da taga ce. Akwai wani wuri a jikin bangon da launin bai kama ba. Dogon abu, toka-toka, daga ƙasa har ya kusa taɓa rufi. Ta ce a ranta ko Yaya ne ya tsallake wurin. Ta ƙara girman hoton.

Abin yana da kafaɗu. Yana da kai, a sunkuye, ya juya wa ɗakin baya.

Ta ɗago ta dubi kusurwar da idonta. Bango ne kawai, kore, sumul.

Ta koma kan hoton na asali, wanda ba a liƙa wa komai ba. Duk ɗakin a koɗe yake, ba a ganin kowa. Ashe a cikin koɗewar abin yake ɓuya. Da launi ya sauka a kan komai, shi kaɗai ya rage.

Ta buɗe na gaba. Kan ya ɗago.

Na gaba. Ya juyo. Inda fuska ya kamata ta kasance, ba komai sai toka, a shafe kamar sabon siminti.

Warin fenti ya ɗauke. Wani wari ya maye shi, na tsohuwar rijiya, da sanyi mai shiga ƙashi. Hasken taga ya koma ruwan ƙasa.

"Yaya?" ta kira.

Ƙyas.

Kyamarar ce, a bayanta. Ba wanda ya taɓa ta.

Sabon layi ya bayyana a baƙin allon. Umarninta na nan yana aiki, ya karɓi hoton, ya sa masa launi. Hoton ya buɗe da kansa.

Ta ga bayanta. Ta ga jan mayafinta, da bokitin da take zaune a kai. Ta ga abin a tsakiyar ɗaki.

Ƙyas.

Yana tsaye a kanta.

Ta kasa waiwaye. Ta ji numfashi a kunnenta, a hankali, kamar ana jan busasshen burushi a bango.

"Kin ba bango nasa."

Muryar abin ta ƙara matsowa.

"Kin ba ƙofa nata. Ni fa?"

Wani abu ya kama damtsenta na hagu. Ba zafi. Sanyi ne, da ji kamar ana zuƙe ta da bakin kwalba.

"Ara min naki."

Ƙyas.

A allon, jan mayafin ya fara koɗewa daga kafaɗa. Yatsun da ke riƙe da ita kuwa sun fara yin duhu, suna ɗaukar launin mutum.

A'uziyya ta ƙwace daga bakinta, a karye, ba ta ma san ta fara ba. Ta kai hannun dama ta fizge wayar kyamarar. Rubutun ya tsaya cak. Riƙon ya yi sako-sako.

Ta watsar da kwamfutar ta zabura. Bokiti ya kife, sandar kyamara ta faɗi. Matakala ta yi duhu, ta sauka rabi da ƙafa rabi da gwiwa. A bayanta tana jin jan burushin nan yana bin bango, yana saukowa tare da ita.

Ƙofa ta buɗe. Ta faɗa jikin Yaya.

"Auta! Lafiya? Me ya faru?"

"Rufe. Yaya, rufe ƙofar!"

Bai sake tambaya ba. Ya dubi fuskarta sau ɗaya, ya ja ƙofar ya datse kwaɗo.

Ta kwanta zazzaɓi har mahaifiyarsu ta fara kuka a ɓoye. Da ta tashi, shatin dogayen yatsu na nan a damtsenta, fari-fari kamar toka, ko an tsunkule shi ba ta ji. Likita ya duba ya rubuta man shafawa, man bai yi komai ba. Ta ci gaba da sana'arta, amma ba ta ƙara ɗaukar hoton ɗakin da ba kowa a ciki ba.

Yaya ne ya koma kwaso kayanta, da rana tsaka, shi da abokan aikinsa. Ya dawo ya zauna a bakin gadonta.

"Na mayar wa mutumin makullinsa," ya ce. "Na bar aikin."

"Me ka gani?"

"Shatin hannu a bangon matakala, dab da ƙofa. Na shafa masa fenti, ya sake fitowa. Na kankare, na sake shafawa, ya fito."

"Toka-toka?"

Ya girgiza kai, idonsa a kan damtsenta.

"A'a, Auta. Launin fatarki ne. Kuma da na taɓa shi, da ɗumi."