Yaushe Ba Ya Tsallake?

Ranar da ta fara ganinsa, Tela ta cika ta batse da keken ɗinkinta. Makanikai uku sun zo sun tafi. Wannan ya canza allura, wancan ya canza bel, na ukun ma cewa ya yi ta sayar da shi a matsayin tsohon ƙarfe. Keken kuwa gadon marigayiya mahaifiyarta ne, kuma bai fasa tsallake ɗinki ba.

Na huɗun dogo ne siriri, da jakar kayan aiki a kafaɗa. Ko buɗe jakar bai yi ba. Ya tsuguna gaban keken ya ce, "Yaushe ba ya tsallake?"

"Malam, cewa na yi yana tsallake."

"Na ji. Kowa lokacin lalacewarsa yake tambaya. Ni lokacin da yake lafiya nake nema."

A ranta ta ce yau kuma na haɗu da mai iyayi. Amma da ta yi tunani, sai ta tuna da safe lafiya lau yake ɗinki. Sai bayan azahar, in ta jawo shi bakin ƙofar Baba don ta ji in ya yi kira, yake fara rashin mutunci.

Makanikin ya taka simintin wajen, ya yi murmushi. Ashe akwai ɗan gangare, keken na rawa, bel na zamewa. Ya ninke kwali ya cusa ƙarƙashin ƙafa ɗaya. Shi ke nan fa!

Daga cikin ɗaki Baba ya ɗaga murya, "Kai yaro, ɗaure kusoshin ƙafar ma, da sifana mai lamba goma."

"Goma ko sha ɗaya, Baba?"

"Goma na ce!"

Goman ce kuwa. Ranar Baba ya cinye abincinsa tas.

Shekara huɗu ke nan su biyu a gidan. Baba tsohon makanikin injinan masaƙa ne, shanyewar ɓarin jiki ta zaunar da shi. Yayyenta sun yi aure nesa, sai gaisuwa a waya. Ƙawaye sun gaji da gayyatarta biki sun daina. Takan wuni ba wanda ya ce mata sannu sai masu kawo ɗinki, su ma sauri suke. Abinci ma a tsaye take ci, don zama gaban kwano ita kaɗai na sa ta hawaye. Manema sun zo ba ɗaya ba biyu ba, Baba yana ce musu a'a, ba dalili ba bayani.

Bayan kwana biyu saƙo ya shigo wayarta.

"Tela, yaya majinyacina? Kwalin na nan?"

"Yana nan. Kai kuma kullum da tambaya."

"Ga wata. Yaushe ba kya kewar kowa?"

Ta daɗe tana kallon wayar kafin ta rubuta, "Lokacin da saƙonka ya shigo, Mai Tambaya."

Daga nan fa abu ya kankama. Yana ce mata Allurata, tana ce masa Mai Tambaya. Kwastomomi har tsokanarta suke, wai ko ɗinki ne ya fara ba ta dariya.

Da ya zo gaida Baba da maganar aure, sai ya yi abin da kowa ke yi. Ya durƙusa ya ce, "Baba, kar ka damu da komai. Zan kula da kai, zan samo mai jinya, ko tsinke ba za ka ɗaga ba."

Baba ya juya fuska bango. "A'a. Tashi ka tafi."

A ƙofar gida ya ci karo da Gwaggo, ƙanwar Baba, wadda ta daɗe tana yi wa ɗanta mai kemis kamun ƙafa a kan auren Tela. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Bawan Allah, ka makara. An riga an tsayar da magana da ɗana." Ƙarya ce tsagwaronta, don shi ma mai kemis ɗin an kore shi sau biyu, har da keken guragu sabo dal da ya kawo.

Da yamma saƙo ya zo. "Allurata, na ji komai. Allah ya sa shi ne alheri. Ba zan shiga tsakaninki da danginki ba."

Ta kira ya fi sau goma, wayar a kashe.

Mako uku gidan ya koma yadda yake, har ya fi da shiru. Ta yi kuka, ta ji haushin Baba, ta ji haushin kanta da ta ji haushin Baba. Tana son Mai Tambaya, tana son mahaifinta, kuma ga dukkan alamu sai ta rasa ɗaya.

Wata safiya tana share ƙarƙashin keken sai tsintsiya ta taɓa kwalin. Ta tsaya cak. Shekara huɗu tana tambayar kanta me ya sa Baba ke cewa a'a. Ba ta taɓa tambayar yaushe ne ba ya cewa ba.

Ta ɗauko littafin awo, ta ja layi a tsakiyar shafi. Gefe ɗaya ranakun da Baba ya juya wa bango fuska: ranar mai jinya, ranar keken guragu, ranar da Yaya ya ce a waya "za a san yadda za a yi da shi". Ɗaya gefen ta daɗe tana cizon biro. Ranar da maƙwabci ya kawo janareta don Baba ya saurara masa. Ranar da ta tambaye shi wane mai za ta zuba wa keke. Ranar sifana mai lamba goma.

Wayyo Allah! Kowane manemi yana zuwa da abin da zai yi wa Baba. Ba manemin da ya taɓa zuwa da abin da Baba zai yi masa.

Ta zari mayafi sai shagon Mai Tambaya. Ta same shi ya rame, zaune cikin kekuna.

"Ba a tsayar da maganata da kowa ba," ta ce tana haki. "Kai da ke tambayar ƙarfe, ka kasa tambayata?"

Ya sunkuyar da kai. "Na yi wauta, Allurata."

"Ka yi. Yanzu faɗa mini tsakani da Allah, akwai injin da ya gagare ka? Ban da na ƙarya, Baba zai gane."

Ya nuna wani tsohon injin surfani a lungu. "Wata biyu yana wahalar da ni."

Washegari suka sauke shi a ƙofar ɗakin Baba. Mai Tambaya ya ce, "Baba, ba maganar aure ta kawo ni ba. Wannan ne ya fi ƙarfina."

Baba ya harare shi, ya harari injin. "Kunna." Ya karkata kunne, ya lumshe ido. "Kashe. Sake kunnawa. Kai, wa ya koya maka aiki? Ba ka ji haƙori ɗaya na giyar injin ya cinye ba?"

Suka wuni a kai, Baba na faɗa, shi yana ɗaurewa. Da la'asar injin ya tashi sumul. Baba ya goge ido da hannunsa mai lafiya.

"Irin waɗannan nawa ne a shagon naka?"

"Sun kai bakwai, Baba."

"Bakwai! Haka za ka riƙe mini 'ya da rabin sana'a? Ɗakin gaban nan ba kowa. Ka kwaso su." Ya dubi Tela. "Ke kuma daina leƙe. Ki ce ya turo manyansa."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Gwaggo ta zo tana cika tana batsewa, amma ta ci ta sha. Baba ya kama hannuwansu biyu da hannunsa ɗaya ya ce, "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku masu jin ƙanku. Kun mayar da ni mutum."

Yanzu keken Tela ya daina yawo. Tana ɗinki tana jiyo su a ɗakin gaba suna musu a kan sifana, kuma in rana ta yi, kwano uku take jerawa.