Awarwaron Ɗan-tsegumi

Hassada wuta ce, gidan mai ita take fara ci. Nafi'u Gambo ya san wannan, amma sani daban, ji daban.

A shekarar da Jan Zazzaɓi ya shigo Birnin Tsauni, inda jirage marasa matuƙi ke yawo tsakanin benaye, kowane ɗalibin jami'a sai da aka ɗaura masa awarwaro a hannu. Na'urar tana shaƙar gumin fata, ta auna shi sau goma a awa. In lafiya lau, ta nuna kore, ƙofofi su buɗe. In ta ji ƙwayar cuta, ta koma ja, ta kira asibiti da kanta. Ɗalibai suka sa mata suna Ɗan-tsegumi. Yawancinsu dole ce ta sa suka ɗaura, don a ganinsu ciwon na tsofaffi ne.

Ashiru ne ya ƙera ta, ɗan gwaggon Nafi'u, taubashinsa, ajinsu ɗaya. Shekara huɗu Nafi'u ne na ɗaya a ajin injiniya. Yanzu ko a lif ɗin hawa bene ya shiga, hoton Ashiru ne a bango yana murmushi.

"Bawana, ka ga ubangidanka a allo?" in ji Ashiru.

"Na gani. Kunnuwan ne dai ba su shiga hoton duka ba."

Suka yi dariya, amma ta Nafi'u iyakarta haƙora.

Ya san cikin na'urar, don shi ya taya Ashiru haɗa ta farko. Ya buɗe tasa, ya tsinke waya ɗaya siririya, ta tsaya a kore. Dabararsa ita ce ya ɗauko zazzaɓin kaɗan, ya je gaban kwamitin jami'a jikinsa na zafi, hannunsa na kore, a ce aikin Ashiru banza ne. Shekarunsa ashirin da uku, yana buga ƙwallo. Kwana biyu zai warke, in ji shi. Ya zagaya bayan ɗakin da ake killace marasa lafiya, ya miƙa hannu ta taga, ya gaisa da mutum uku.

A lokacin an hana cin abinci a kwano ɗaya, sai in duk hannuwan kore ne. Ranar Juma'a gwaggo ta aiko da dambu. Ashiru ya kama hannun Nafi'u ya duba.

"Kore ne. Zauna, bawa, yau na 'yanta ka."

Nafi'u ya ji maƙogwaronsa na ƙaiƙayi. In ya ƙi, za a tambaye shi dalili. Ya sa hannu.

Washegari na'urar Ashiru ta yi ja. Aka ɗauke shi da wuri, aka ba shi magani, kwana huɗu ya tashi. Ta Nafi'u kuwa shiru take. Ya yi ta jiran ranar zaman kwamiti, yana cewa gobe zai ji sauƙi, har ya faɗi a matakalar laburare yana tarin jini. Likita ta buɗe na'urar, ta ga wayar a tsinke, tsinkewar almakashi.

Mai gina ramin mugunta, an ce ya gina shi gajere. Nafi'u da injin haƙa ya gina nasa.

Bayan wata biyu Ashiru ya zo duba shi. Ya tsaya daga bakin ƙofa, ya cire hula.

"Malam Nafi'u, ya jiki? Allah ya ƙara sauƙi."

"Malam kuma? Ni ne fa, bawanka."

"Allah ya ƙara sauƙi," in ji Ashiru, ya juya.

To, ga abin da Nafi'u ya rasa. Huhunsa na hagu, an cire. Karatun shekara biyar, an kore shi saura wata uku ya gama. Gidan gwaggo, ba a hana shi shiga ba, amma kwanonsa daban ake zuba masa. Sai mutum ɗaya tak a duniya da ke da ikon zaginsa ya yi dariya, shi ma yanzu gaishe shi yake yi.