Hannun Maraɗi

Hantsi bai ɗaga ba aka zo caji ofis na Funtuwa da labari: babbar mota ta take mutum a hanyar Malumfashi, gaba da Bakori kaɗan, ta gudu. Sufeto Aƙilu ya kira Saje Donatus, suka shiga motar ofis.

Sun tarar an rufe gawar da zane. Sunan mamacin Sanda, manomi ne, ya fito a kekensa zai je Malumfashi gyaran garma. Keken na can cikin karan dawa, ya lanƙwashe. Mahaifiyarsa, wadda ake kira Tsohuwa, ta zauna a ƙasa ta ɗora ƙafafunsa a cinyarta tana kakkaɓe musu ƙasa. Ba ta kuka.

A shekarar 1964 kwaltar nan siririya ce, faɗin mota ɗaya. Tsakiya kowa yake bi, sai an yi kiciɓis kowa ya sauka hannunsa, wato hagu.

Sufeto ya bi sawun taya yana tafe a sunkuye.

"Saje, daga ina motar ta fito?"

"Daga arewa, yallaɓai. Funtuwa ta nufa."

"To Sanda yana hannunsa. Motar ce ta bar nata ta zo ta same shi."

"Ko direban ya karya kumallo da burkutu?" in ji Saje Donatus. Haifaffen Funtuwa ne, Hausa a bakinsa kamar ta 'yan tasha.

"Mai maye ba ya taka birki haka. Wannan tsorata ya yi, ya kauce. Amma dama ya kauce."

"Wane direba ne zai kauce dama?"

Sufeto ya tsinci wani abu a bakin kwalta ya ɗora masa a tafin hannu. Dabino ne, ga shi nan warwatse har cikin ciyawa.

"Wanda a ƙasarsu dama ake bi."

Ya ji daɗin maganar nan da ta fito daga bakinsa. Daga baya, duk lokacin da ya tuna da ranar, wannan jin daɗin ne ya fi damunsa.

A lokacin motocin Nijar ba sa yankewa a hanyar. Su sauko daga Maraɗi da dabino da kanwa da wake, a sauke a Funtuwa jirgin ƙasa ya wuce da su kudu, su kuma su koma da goro da atamfa da sukari. Baƙon ɗan kasuwa ba ya sauka sai gidan fatoma, mai ba shi masauki, ya ajiye masa kaya, ya sayar masa. Duk Funtuwa kuwa babu fatoman mutanen Maraɗi kamar Alhaji Bature.

A harabar sitonsa suka sami motar, ana sauke buhuna. Fitilarta ta dama ta fashe. Gilashin gaba ya tsage ta gefen dama, da busasshen jini a kan tsagar.

Alhaji Bature na zaune a kujera, an tokare masa baya da matashi.

"Ka gafarce ni ban miƙe ba, Sufeto. Tafiya ta karya mini jiki."

"A motar nan ka zo?"

"A cikinta. Na jima a Maraɗi wajen harkar dabino."

"Me ya faru bayan Malumfashi?"

"Barci nake. Na ji ƙara, na farka na ce Lawali lafiya? Ya ce jaki ne."

Aka kira Lawali. Dogo ne siriri, ɗan Maraɗi, ya ɗaure goshinsa da tsumma.

"Kai ka tuƙo motar nan?"

Lawali ya dubi Alhaji, Alhaji ya dubi buhuna.

"Ni ne direbanta."

"Goshinka fa?"

"Gilashi ne."

Sufeto ya dubi tsagar gilashin, ya dubi goshin. Ya ce a sa masa ankwa.

A caji ofis Lawali ya ƙi ƙara komai. Duk tambayar da aka yi masa, amsar ɗaya ce, shi ne direbanta. Sufeto ya bar shi da wani kurtu ya koma ofishinsa. Yana zaune ya ji ƙarar mari ta bango, ya ji na biyu, ya ji wani abu ya bugi ƙofa. Ya ce a ransa mutumin da ya take talaka ya gudu bai cancanci a tashi dominsa ba. Bai tashi ba.

Bayan azahar, da aka dawo daga jana'iza, Tsohuwa ta iso tare da wani ɗan'uwan mijinta. Ta ce tana so ta ga fuskar wanda ya yi. Doka ba ta ce a nuna mata ba, amma Sufeto da kansa ya kai ta bakin sel, ɗakin da ake tsare da Lawali.

"Ga shi nan, Inna. Kafin a binne ɗanki muka kama shi."

Ta daɗe tana kallon Lawali.

"Kana da uwa?"

"Tana Maraɗi."

"Allah ya nuna mata abin da na gani yau."

Lawali ya sunkuyar da kai.

Da la'asar Sufeto ya koma sito da Saje don su ɗauko motar a ajiye ta shaida.

"Ka iya jan irin wannan kuwa?"

"Yallaɓai, ni da na ja tankar ruwa a Kaduna? Wannan ai keken ɗinki ne."

Saje ya buɗe ƙofar dama ya haye, ya miƙa hannu biyu gabansa. Ya tsaya. Ya leƙo.

"Yallaɓai, a buɗe sabuwar ƙara. An sace sitiyari."

Leburori suka fashe da dariya. Wani ya ce, "Yana ɗaya gefen, Saje. Motar Faransi ce."

Sufeto bai yi dariya ba. Yana kallon Saje a zaune a kujerar fasinja, tsagar gilashin da jinin daidai goshinsa.

Ya san motocin Nijar a hagu sitiyarinsu yake. Ya sha ganinsu a tasha. Shi ne ma da safe ya karanta wa Saje hannun da suke bi. Amma da ya ga tsaga a dama, sai idonsa na ɗan Nijeriya ya ce masa nan direba yake zama, shi kuma bai taka mataki ɗaya ya leƙa ciki ba. Ya ji ƙarar marin nan a kunnensa kamar yanzu ake yi.

"Mutum nawa suka zo a gaban motar nan?" ya tambayi leburorin.

"Biyu. Alhaji da Lawali."

"Ina Alhaji?"

"Yana zaure. Yanzu mai ɗori ya fita."

Zauren yana warin man shafawa. Alhaji na kishingiɗe, ya yafa babbar riga ba tare da ya sa hannu a ciki ba.

"Sufeto, ka dawo. A kawo maka ruwa?"

"A wane gefe ka zauna da kake barci?"

"A dama mana. Gefen fasinja."

"Gilashin gabanka ya tsage, da jini a kai. Ina ciwon goshinka?"

Alhaji ya taɓa goshinsa, ya sauke hannun.

"Allah ne ya tsare."

"Ya tsare ka, ya ɗauko Lawali daga bayan sitiyari ya buga a gabanka?"

"Ka san hatsari."

"Na sani. Alhaji, ɗaga hannunka sama."

"Wace irin magana ce wannan, a cikin gidana?"

"Duka biyun."

Alhaji ya gwada. Hannun bai kai kafaɗa ba ya cije leɓe, numfashinsa ya sarƙe. Rigar ta zame. A ƙirjinsa, sama da ɗaurin mai ɗori, akwai kumburi baƙi ya yi rabin da'ira, kamar an kifa masa bakin kwarya.

"Gilashi na fasinja ne," in ji Sufeto. "Sitiyari na direba."

Da Alhaji ya buɗe baki, muryarsa kamar ta wani tsoho.

"A Maraɗi na koya. Lawali ke koya mini da yamma, a bayan gari. Ban taɓa tuƙi a ƙasar nan ba, sai yau."

"Me ya kai ka?"

"So nake in shigo Funtuwa ina tuƙi, mutane su gani. Shi ke nan. Da muka yi sallar asuba a Malumfashi na ce ya ba ni. Ya ce Alhaji, hannun nan ba irin namu ba ne. Na ce hanya ai babu kowa. Da mai keken ya fito a kwana, Lawali na cewa hagu, hagu. Ina jinsa. Hannuna ne ya ƙi."

"Kun sauka?"

"Mun sauka."

"Ya mutu?"

"Yana numfashi." Alhaji ya rufe fuska da tafinsa. "Ya kama bakin rigata. Ni na ɓamɓare yatsunsa."

Saje ya juya ya dubi bango.

"Me ka ce wa Lawali da ya ɗauki laifinka?"

"Na ce shi baƙo ne, iyaka a kore shi ƙasarsu. Ni kuwa in aka kama ni za a rufe sito, kuma dabinon mutanen unguwarsu duk a ciki yake, na shekara guda. Har da na yayan matarsa."

"Ka san ba kora ake yi ba. Ɗauri ne."

"Na sani."

Saje ya ciro ankwa. Alhaji ya roƙi a bar shi ya sa riga. Bai iya ba, sai Sufeto ne ya zura masa hannu ɗaya bayan ɗaya. Suka fito da shi ta gaban leburori da baƙin Maraɗi da ke zaune a kan buhunansu. Babu wanda ya gaishe shi, babu wanda ya zage shi. Wani dattijo daga cikinsu ya bi Sufeto har bakin mota yana tambayar ko za a rufe siton. Sufeto ya ce ba za a rufe ba, kowa ya nuna kayansa a ba shi.

Washegari da safe Sufeto ya karɓi makulli daga hannun kurtun ya buɗe sel da kansa. 'Yan sandan safe na tsaye a bayan kanta suna kallo.

Lawali ya miƙe. Gefen fuskarsa na hagu ya kumbura, wani ruwa ya bushe a ƙasan kunnen.

"Alhaji ya faɗi komai. Fito."

Lawali bai motsa ba.

"Ni na ba shi motar, ranka ya daɗe. Ni kuma na ja ta muka bar mutumin a ƙasa."

"Wannan za ka faɗa wa majistare, ya yanke abin da ya gani. Amma ba kai ka take shi ba. Yanzu zan je Bakori in gaya wa tsohuwar nan cewa kuskure na yi da na nuna mata kai."

"Ka bar ta. Addu'arta ba ta ɓata hanya sosai ba."

Sufeto ya matso kusa da shi, ta hagunsa, ya rage murya yadda na bayan kanta ba za su ji ba.

"Jiya na ji ana dukanka, ban tashi ba. Ka yafe mini."

Lawali ya ci gaba da kallon ƙofa. Can ya lura bakin Sufeto ya motsa, sai ya juyo masa da ɗaya kunnen.

"Na'am? Wannan ba ya ji tun jiya."

Kurtun ya sunkuyar da kai.

Sufeto Aƙilu ya cire hularsa, ya ja baya yadda kowa zai ji, ya sake faɗa da ƙarfi.