Matar da Ta Tsani Rariya

A wani gari can da, an yi wata maginiyar tukwane da ta tsani rariya kamar ciwon haƙori. Sauran mata sukan daka tsingaron tsofaffin tukwane ya zama gari, su tankaɗe, sannan su kwaɓa da yumɓu. Ita kuwa daga turmi sai kwaɓi.

Ga shi a rami ɗaya duk suke gasa tukwanensu. Kullum Iya Tabawa, babbarsu, sai ta ce, "Ke 'yar nan, tankaɗe! Tsakuwa ɗaya in ta ji wuta, har tukunyar maƙwabciya sai ta fasa."

Ita kuma kullum sai ta ce, "Haba Iya, wuta ido gare ta?"

Ranar gashi, wuta na kamawa sai tukunyarta ta tarwatse, ta tafi da tukwane arba'in, har da randar Iya. An ce kajin garin sun yi mako ba su yi ƙwai ba don firgita.

"Na faɗa, na faɗa, har bakina ya bushe!" in ji Iya. Ta tara mata tsingaron gaba ɗaya. "Ba ki ƙara gashi da mu sai wannan ya zama gari."

Kwana tara tana daka, tana tankaɗe, tana tsaki. Da ta gama, Iya ta cusa hannu cikin garin, ta zaro tsakuwa.

"Iya, guda ɗaya ce fa!"

"Ni da idona ya dushe na gan ta, balle wuta."

Matar ta sunkuya, ta ɗauki rariya.